Kwaɗo, Kuba da Takardar Inshora: Abin da Na Gani a Ƙofofin Zongon Kumasi

Na shekara ashirin ina yanka makulli kafin in san cewa sana'ata tana da wata alaƙa da inshora. Wani Alhaji mai sayar da atamfa a Alabar ne ya aiko yaronsa ya kira ni da sassafe, a farkon shekarun 1990. Na tarar da shi zaune a kan benci ya zabga tagumi, sitonsa wayam, an kwashe bandir-bandir na kaya cikin dare. Abin mamaki, kwaɗon ƙofar yana nan rataye, a kulle, ko ƙwarzane babu. Gefe guda ga wani mutum da taye da jakar takardu, kamfanin inshora ne ya turo shi ya tantance asarar. Shi ne ya ce a nemo mai gyaran makulli ya farke kwaɗon, ya faɗa ko ƙarfi aka sa masa.

Na farke shi a gabansu. Cikinsa lafiya lau. Na ce, "Alhaji, wannan ba a fasa shi ba. Da makulli aka buɗe, ko da wani abu mai kama da makulli." Mai taye ya rubuta, ya yi mana sallama cikin ladabi ya tafi. Bayan 'yan makonni takarda ta zo cewa ba za a biya ko sisi ba, domin yarjejeniyar da Alhaji ya sa wa hannu ta ce sai satar da aka shiga ko aka fita da ƙarfi, aka bar alamar fasawa. Alhaji ya yi shekara biyu ba ya amsa gaisuwata. Ban ga laifinsa ba. Ni ma a lokacin gani nake da na yi shiru da ya fi, sai daga baya na gane cewa ba bakina ne ya cuce shi ba, kwaɗon da ya saya ne, wanda makullin maƙwabcinsa ma zai iya buɗewa in an ɗan girgiza shi.

Gadon sana'ar nan na yi. Kakana maƙeri ne daga ƙasar Kano, ya iso Kumasi a shekarun 1920, zamanin Sarkin Zongo Malam Sallau. Lokacin tsohuwar hanyar Gwanja ta riga ta mutu. Yaƙin basasar Salaga na 1892 ya watsa fatake, jirgin ƙasa kuma ya iso Kumasi daga Sekondi a 1903, sai goro ya koma bin teku zuwa Ikko. Hausawa suka biyo goron zuwa tushensa, Zongo ya cika. Kakana bai zo don makulli ba. Fartanya yake ƙerawa, da wuƙa, da ƙusa, da sakata. Sakatar nan ita ce tsaron gida gaba ɗaya: in dare ya yi a tura ƙyauren zaure a zura ta daga ciki, shi ke nan. Da rana kuwa ba a rufe gida, don gida ba ya rabuwa da mutane. Ɗakunan ciki asabari ne a bakinsu.

Dukiya fa akwai ta, kuma mai yawa. Baƙo zai sauka wurin maigidansa da shanu ko tufafi, ya sayar, ya damƙa masa kuɗin ajiya, ya shiga ƙauyuka neman goro, ya yi wata biyu bai dawo ba. Huhunan goronsa suna jibge a ɗakin maigida. In wani abu ya salwanta, maigida ne zai biya, ko da zai sayar da rigarsa, domin ranar da aka ji a Kano ko Sakkwato cewa kayan baƙo sun ɓata a gidan wane, daga ranar babu mai sake sauka wurinsa. Yau idan na karanta takardar inshora sai in ga ai abin da waɗannan dattawa suke yi ke nan, sai dai su la'ada suke karɓa, kuma ba su da ƙananan rubutu a bayan takarda. Tun da maigida ne mai biya, shi ne kuma mai kula da ƙofa. Shi zai zaɓi ɗakin ajiya, ya sa yaron da ya yarda da shi ya kwana a bakinsa, ya zo wurin kakana ya ce a yi masa sakata mai kauri kaza. A iya sanina, a kowace ƙasa, wanda asara za ta faɗa wa shi ne yake tsayawa a kan ingancin makulli.

Kwaɗo a wancan zamani na adaka ne, ba na ƙofa ba. Mace ta kulle adakarta ta ɗaure makullin a bakin zane. Tonawa, wato mutanen Asante, sun riga mu sanin waɗannan kaya, ta hanyar Turawan bakin teku. Suna ce wa makulli safoa, kwaɗo kuma krado, kuma masana harshe sun ce duka biyun daga bakin Fotugis suka samo asali. Mu dai muka ga abin ya yi kama da kwaɗon rafi a tsugune, muka sa masa suna.

Mahaifina ne ya bar zugazugi ya koma magagari. A zamaninsa Zongo ya sauya kama. An daina gidan mutum ɗaya da iyalinsa da baƙinsa, an koma manyan gidajen haya masu ɗaki goma sha biyar ko ashirin kewaye da tsakar gida ɗaya, Bahaushe a nan, Bamoshe a can, Bazabarme da Bayarabe a gefe, kowa da ƙyaurensa na katako. Wanda ba ka san asalinsa ba ya zama maƙwabcinka na bango ɗaya. Nan kasuwar kwaɗo ta buɗe. Kantunan Turawa da ke Adum, irin su UAC da UTC da CFAO, su ne masu shigo da kayan, kuma mafi yawansu daga wani ƙaramin gari ne a Ingila mai suna Willenhall, kusa da Wolverhampton, wanda tun da can aikin mutanensa ke nan. Daga nan kubar Union take fitowa a lokacin, ta kamfanin Josiah Parkes. Har gobe dattijo a Zongo in yana son kuba ta kirki cewa zai yi a ba shi Union, ko da wani suna ne a jikin kwalin.

Bari in ɗan buɗe cikin kubar, don sai da shi za a fahimci sauran zancen. A cikinta akwai wasu siraran faranta na tagulla jere da juna, mu liba muke ce musu. Kowace liba sai makulli ya ɗaga ta daidai wani tsayi, kada ya gaza kada ya wuce, sannan harshen kubar zai samu hanyar zamewa. Wani Bature Robert Barron ne ya fito da wannan dabara a 1778, Jeremiah Chubb ya ƙara mata wayo a 1818, ya yi wadda in ɓarawo ya ɗaga liba fiye da kima sai ta cije, mai gida ya dawo ya gane an taɓa. Yawan liba shi ne yawan nau'in makullin da za a iya yankawa. Kuba mai liba biyu nau'o'in makullinta ƙalilan ne, har ma da lamba a jikinsu, kana iya zuwa kanti ka faɗi lambar a miƙo maka yankakke. Mai liba biyar kuwa wani abu ne daban.

To, a Ingila mai liba biyu da mai uku na ƙofofin cikin gida ne, ɗakin kwana da makewayi. Su ne aka yi ta jibgo mana, mu kuma muka sa su a ƙofar waje muna alfahari. Masu liba biyar, irin na Chubb, sai a banki da baitulmali da gidajen manyan ma'aikata. Babana yana da wata zoba ta waya mai makullai kamar talatin. In aka kira shi wani ya ɓatar da makulli, ba ya ɗaukar guduma, zobar yake ɗauka, kuma da wuya ya gwada goma ƙofa ba ta buɗe ba. Ina yaro na ɗauka wani asiri ne. Ran da na tambaye shi sai ya ce, "Kai yaro, babu asiri. Rabin Zongo makulli ɗaya gare su, ba su sani ba ne kawai. Kai ma kada ka faɗa." Ba ya barin zobar a rumfa, da ita yake kwana ƙarƙashin matashi.

A 1963 hukumar ma'aunai ta Birtaniya ta fitar da wani mizani mai lamba BS 3621, na kubar da za ta iya jure wa ɓarawo. Ni sai bayan shekaru da yawa na ji labarinsa, daga bakin wani abokin ƙuruciyata da ya yi aikin kafinta a Landan ya dawo. Sharuɗɗan ba su da wuyar ganewa: in mai liba ce kada ta gaza biyar, nau'in makullinta kada ya gaza 1,000, a sa mata farantin ƙarfe mai tauri da zai hana a huda ta, harshenta ya jure wa zarto na wasu mintoci, kuma a yanzu sai harshen ya fito milimita 20 ya shige cikin firam. Wadda ta ci jarrabawa a buga mata tambari a goshi, yadda ko ƙofa na rufe rabi za ka gani. Amma abin da ya fi ɗaukar hankalina a labarin abokin nan shi ne, babu ɗan sandan da yake bi gida-gida yana dubawa. Kamfanonin inshora ne suka ɗauki lambar suka sa a takardunsu. In kana son su ɗauki nauyin kayan gidanka, sai su tambaye ka wace kuba ce a ƙofarka ta fita. Ka yi ƙarya, ranar da aka yi maka sata su zo su duba, su ƙi biya ko su rage. Da haka magidanci ya koyi neman tambari, mai kanti ya koyi ajiye mai tambari, masana'anta ta koyi yin ta. Mai biyan asara ne ya ja akalar kasuwar, kamar dai maigidan fatake.

Mu ma muna da inshora tun da daɗewa, sai dai ba don mu aka kawo ta ba. Kamfanin Royal Exchange Assurance ya buɗe wakilci a Gold Coast a 1924, don kayan kamfanonin Turawa da jiragensu. Na 'yan ƙasa na farko, Gold Coast Insurance Company, sai a 1955, gwamnatin Nkrumah kuma ta kafa State Insurance Corporation a 1962. Inshorar da ɗan Zongo ya sani ita ce ta mota, don dokar 1958 ta tilasta ta, kuma ko ita ba don a biya shi yake yi ba, don ɗan sanda ya bar shi ya wuce ne. Takardun fashin gida da na kanti an kwafo su daga Ingila, har da wancan sharaɗi na shiga da ƙarfi da ya kayar da Alhajin Alabar. Abin da ba a kwafo ba shi ne lambar kuba. Wato an ɗauko rabin da ke kare kamfani, an bar rabin da zai koya wa mai kaya abin da zai saya. Sakamakon ya zama abin dariya mai ciwo: wanda ya sayi kuba ta gari, ɓarawo dole ya farfasa ƙofa, ga alama, a biya shi. Wanda ya sayi ta banza, a buɗe salin-alin a rufe masa, ya tashi ba tsuntsu ba tarko.

Na shiga rumfar Baba sosai a ƙarshen 1969, ina ɗan shekara goma sha biyu, kuma ba da shiri ba. A watan Nuwamba na shekarar gwamnatin Busia ta ba da umarnin cewa duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar ƙasar cikin mako biyu. Wanda bai ga Zongo a waɗannan kwanaki ba, ba zai gane ba. Mutanen da aka haifa a nan, wasu ba su taɓa ganin Ogbomosho ko Dosso da idonsu ba, suna ɗaure kaya. Aiki ya yi wa Baba yawa har ya cire ni daga makarantar allo na ɗan lokaci. Masu tafiya suna son kwaɗo mai ƙarfi su rufe ɗakunansu, don suna zaton wata uku za su yi su dawo. Waɗanda suka sayi gidaje da rumfuna a kan kuɗi ƙalilan suna son a sauya kuba tun mai gidan bai kai tasha ba. Sau da yawa ƙofa ɗaya muka yi wa aiki sau biyu cikin mako guda, kuma Baba ba ya magana in mun dawo gida. Wasu suka bar masa makullansu amana, kowane da ƙyalle mai launi a ɗaure don ya gane. Kaɗan sun aiko an karɓa. Sauran suna cikin wani gwangwanin madara a ɗakina, ƙofofinsu ma an rushe yawancinsu.

Daga tsakiyar shekarun 1970 zuwa 1983 kaya suka ɗauke daga kantuna, zamanin da ake kira kalabule. Sabuwar kuba ta zama sai wane da wane. Ni a ganina a lokacin ne aka yi gwanayen wannan sana'a, don babu abin da ake yarwa. Sifirin ya karye, mu yanko daga na tsohon agogo. Liba ta cinye, mu fiƙe sabuwa daga farantin tagulla. Ɗanyen makulli, wato wanda ba a yanka ba, a wurin maƙeran Suame Magazine ake zuba mana shi da narkakkun famfunan ruwa. Makulli ya ɓata babu na kwafi, sai ka shafa wa ɗanye baƙin hayaƙin kyandir, ka zura, ka murɗa, ka zaro ka duba inda liba ta taɓa, ka ci wurin da magagari, ka sake. Aikin awa biyu ne in hannunka ya faɗa. Yaran yanzu na'ura ce ke kwafa musu cikin minti ɗaya, kuma ba na raina su, amma in na'urar ta tsaya su ma sun tsaya.

Da aka buɗe kasuwa bayan 1983, kwaɗon China ya shigo kamar ruwan sama. Tri-Circle na asali ba shi da laifi a kan kuɗinsa, haka Viro na Italiya ga mai hali. Matsalar jabu ce. Za ka ga kwaɗo fari sol, ƙato, da nauyi a hannu, an rubuta masa sunan da kowa ya sani. Ka farke ka tarar jikin tutiya ne aka shafa wa ruwan tagulla, fil ɗin da ya kamata su zama biyar ko shida uku ne kawai, sauran ramukan na ado ne, wuyan kuma da aka rubuta wa cewa ƙarfe ne mai tauri, zarto zai ci shi kamar rake. Ni ma na sayar da su, ba zan ɓoye ba. In ka ajiye mai kyau kaɗai, mai saye zai taɓa, ya ji kuɗi, ya wuce rumfar gaba.

A 1994 aka yi dokar lasisin masu yanka makulli, aka ɗora wa Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ba da izini. Manufar a fili take: a san su wane ne ke da na'ura, kada kowane ɗan iska ya kafa tebur yana kwafa wa ɓarayi. Doka ce mai kyau, amma mutumin take dubawa, ba ƙarfen ba. Raunin kuma a wurinmu yake. Yaro zai zo da makulli ɗaya ya ce a yi masa biyu, mu nawa ne muke tambayarsa na wane ne? Baba yana da ƙa'idarsa tun kafin doka. Ba ya yanka wa yaro, ba ya yanka wa 'yar aiki sai da uwar gida, kuma duk wanda ya kawo masa sawun makulli a jikin sabulu, zai riƙe sabulun ya ce ya je ya zo da mai ɗakin. Ban taɓa ganin wanda ya dawo ba. Hukumar ma'aunai ma muna da ita tun 1967, wadda yanzu ake kira Ghana Standards Authority, kuma a 2018 an ƙaddamar da kundin ƙa'idojin gini na ƙasa. Sai dai a shekarun da na yi a bakin wannan tebur, masu saye da suka tambaye ni tambarin inganci a jikin kuba ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Tambayar kullum ita ce nawa, sai kuma a ɗaga a ji nauyi.

Kada kuma a ɗora wa kuba dukan laifi. Sau nawa aka kira ni bayan sata na tarar kubar tana nan a kulle daram, firam ɗin ne ya tsage. Ƙyauren katakon odum na zamanin iyayenmu sai mutum biyu su ɗaga shi. Yanzu odum ya yi tsada, ana yin firam da wawa, katakon da farce ma yana shiga. A kawo kuba ta sidi ɗari uku a ɗaura a jikin wawa da ƙusoshi gajeru, duka ɗaya da ƙafa ya isa. Ko a sayi kwaɗo na gaske a rataya shi a jikin marataya wadda kawunan sukurorinta ke waje, mai sukundireba ya kwance ta ba tare da ya tashi kowa ba.

Yanzu yayin ƙofar Turkiyya ake yi, da ƙanwarta ta China mai araha. Duk wanda ya gina sabon gida a Asawase ko Aboabo, ko ɗansa ya aiko kuɗi daga Jamus, sai ka ga ƙofar ƙarfe mai sheƙi, ka murɗa makulli harsuna goma su fito sama da ƙasa da gefe, da ƙara mai sanyaya zuciya. Masu kyau a cikinsu suna da kyau ƙwarai. Amma duk waɗannan harsuna wata 'yar silinda ce mai tsawon yatsa take juya su, irin mai fil da Linus Yale ya daidaita a Amurka a shekarun 1860, kuma a yawancin masu arahar silindar ita ce mafi rauni a jikin ƙofar. Tana da siririn ƙugu a tsakiya inda take karyewa. A Ingila ɓarayi sun gano wannan, aka yi ta fasa gidaje, har aka fito da wani sabon mizani mai taurari, TS 007, silinda mai tauraro uku ita ce ta ƙarshe. Nan kuwa mutum zai kashe dubban sidi a kan ƙofa, in ce masa ya ƙara kaɗan a sauya silinda, ya dube ni kamar ina neman cutarsa. Wani abin kuma, makullan da magina suka yi wata shida suna yawo da su a aljihu, su ne mai gida zai karɓa ya tare da su.

Akwai abin da ya fi sata tayar mini da hankali, shi ne wuta. Mun yi wa kanmu keji. Kowace taga da ragar ƙarfe an yi mata walda, ƙofar ɗaki da kuba, ta baranda da kwaɗo, ta waje da kwaɗo biyu, makullan kuma suna cikin aljihun wandon da ba a san inda aka rataye shi ba, ga duhu an ɗauke lantarki. Turawan da suka yi BS 3621 sun yi mata 'yar'uwa, BS 8621, wadda daga waje sai da makulli, daga ciki kuwa ɗan maɓalli ne za ka murɗa da yatsa ka fita. Ita nake roƙon mutane su sa a ƙofar da iyali ke kwana a bayanta, kuma a bar taga ɗaya mai ragar da ke buɗewa. Gobarar sabuwar kasuwar Kejetia a Maris na 2023, da ta Adum a Maris na 2025 cikin azumi, sun cinye dukiyar mutanenmu da yawa. Masu rumfuna sun yi duk abin da suka sani na tsaro, kwaɗo uku-uku a kowace ƙofa, ba ko ɗaya da ya yi musu rana. Dokar inshora ta 2006 ta wajabta wa gine-ginen kasuwanci inshorar gobara da rushewa, ta 2021 da ta maye gurbinta ma haka, amma wannan na ginin ne da mutanen da abin zai shafa. Kayan da ke cikin rumfa sai mai su ya yi musu tasu. Gidan zama kuwa babu dokar da ta tilasta.

Me ya sa ba ma yin inshorar? Wasu za su ce malamai sun hana, saboda riba da kuma sayen abin da ba a san tabbacinsa ba. Gaskiya ne akwai wannan, kuma shi ya sa aka fito da takaful, wadda aka fara a Sudan a 1979, 'yan'uwanmu na Nijeriya ma suka yi mata ƙa'idoji a 2013. Amma ni da nake shiga gidajen mutane ina ganin dalilin ya fi haka sauƙi. Takardar ba don irin gidajenmu aka rubuta ta ba. Galibi za ta ce ba ta biyan satar da ɗan gida ko ma'aikaci ya yi. To a gidan haya mai ɗaki ashirin, wane ne ɗan gida? Za ta ce kada a bar wuri babu kowa fiye da wasu kwanaki ba a sanar ba, alhali mutum zai tafi Hajji ko ya kai gaisuwar mutuwa Yamai ya yi wata biyu. Za ta nemi rasit na kayan da aka sace, mu kuwa gwal ɗin Hajiya na gado ne, atamfofinta na biki ne. Sannan ga abin da muka saba da shi. A yi wa mutum sata yau, gobe bayan sallar Asuba liman ya yi sanarwa, 'yan ƙungiyarsu su zauna, mai karɓar adashin susu ya ba shi nasa kafin lokaci, ɗan'uwa ya turo wani abu ta waya. Ba ya cike gurbin, amma yana zuwa cikin kwana uku kuma ba mai tambayar ko an fasa ƙofa. Illarsa ɗaya: masu tara wannan gudummawa ba sa taɓa cewa, wane, wane irin kwaɗo ka sa? Kunya ba za ta bari ba. Don haka ya karɓa, ya yi godiya, ya zo wurina ya sayi irin wanda aka buɗe jiya.

'Yan shekarun nan na fara ganin ɗan canji daga wani ɓangare da ban zata ba. Masu shagunan tura kuɗi ta waya da masu sayar da wayoyi, waɗanda ke karɓar bashin banki, su ne ke zuwa da takarda a hannu. An tambaye su yadda ƙofofi da tagogi suke, ko akwai mai gadi, ko akwai akwatin ƙarfe na kuɗi, su kuma su ce in rubuta musu a rasit irin kubar da na sa da yawan libarta. Yara ne 'yan boko, jikokin waɗanda Baba ya yi wa aiki. Ɗayansu har hoton tambarin ya nuna mini a wayarsa ya ce irin wannan yake so, na sa aka nemo masa daga Accra.

Makon jiya wata Hajiya mai sayar da waake, wato shinkafa da wake, ta zo, an buɗe mata ɗakin ajiyar tukwane an ɗauke buhun shinkafa biyu. Na zaunar da ita, na fito da kwaɗo biyu na farke mata su a kan tebur, na nuna mata fil uku a wannan, shida a wancan, na ba ta zarto ta gwada wuyan kowanne da hannunta. Ta saurara sosai, har tana gyaɗa kai. Ta tambayi kuɗin mai kyau, na faɗa. Ta yi shiru tana lissafi, sannan ta kwance bakin zane ta ce, "Malam, ba ni ƙaramin nan guda biyu, in sa sama da ƙasa." Na naɗe mata su a takarda. Da za ta tafi na ce ta bari yarona ya bi ta ya juya mata sukurorin marataya zuwa ciki, wannan kyauta ne.